Bahon Paris da bishiyar Buzancy

Idan ana musu kan jinyar da ake sa mutum barci da magana, wato hipnoz, nakan tuna Faransa ta 1784. A Paris, attajirai da matan fada ke biyan kuɗi su kewaye bahon Mesmer, riƙe da sandunan ƙarfe. A ƙauyen Buzancy kuwa, manoma ke taruwa gindin bishiyar da Puységur ya ce ya zuba mata ƙarfin warkarwa. Masanan da Sarki Louis na 16 ya naɗa, cikinsu har da Franklin, suka ɗaure wa mutane ido suka gwada, suka ce tunanin majinyaci kawai ke aiki. Sun zaci magana ta mutu. A ganina ranar ta samu gindin zama, domin kan wannan tunanin likitocin baya suka gina jinyar.