Katagum: Ina Shirawa da Tashenawa suka shiga?

Kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ƙasar da muke kira Katagum a yau tana ƙarƙashin inuwar Borno. Shira da Tashena masarautu ne masu sarakunansu, mutanensu kuma na da harsunansu, Shiranci da Tashenanci, dangin Badanci da Ngizimanci. Barebari da Kare-kare da Fulani makiyaya duk suna cin kasuwa ɗaya da su.

Malam Ibrahim Zaki, wanda ya karɓo tuta daga Shehu, shi ya ci waɗannan garuruwa, ya kafa birnin Katagum, ya rasu a 1814. Daga nan sarauta ta zauna a gidansa, manyan muƙamai suka koma hannun waɗanda suka yi yaƙi tare da shi. Da Turawa suka zo a 1903 ba su taɓa wannan tsari ba, sai ma suka ƙarfafa shi, domin ta hannun sarki da hakimansa suke karɓar haraji da jangali. A 1916 aka mayar da fada Azare, a 1926 kuma aka ɗauke ƙasar daga Lardin Kano zuwa Lardin Bauchi.

A tsawon wannan zamani Shiranci da Tashenanci suka mutu. Babu wanda ya kori masu su. Hausa ce ta zama harshen fada da alƙali da kasuwa, wanda ke neman a saurare shi dole ya yi ta, har jikoki suka tashi ba su san harshen kakanninsu ba. Kare-karen Gamawa da kewaye kuwa sun riƙe nasu, kamar 'yan'uwansu na wajen Potiskum.

Yau ma'aunin sanin ɗan gari ya zama takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma, wadda ake nema wajen ɗaukar aiki da shiga makaranta. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta nuna bambanci saboda ƙabila ko asali, amma takardar na iya mayar da wanda aka haifa a Azare baƙo a garinsa.

Tarihin ƙasar nan bai goyi bayan haka ba, domin taron ƙabilu ne ya gina ta. Bakarkaren Gamawa bai kamata ya sayar da harshensa kafin a ba shi kujera a majalisa ba, kuma ɗan wanda ya zo fatauci ya zauna, yana biyan haraji, ya cancanci a kira shi ɗan gari.