Shari'ar Goggon Biri: Yadda Lauya Ya Sami Gindin Zama a Sana'ar Wasannin Bidiyo

A farkon al'amari sana'ar wasannin bidiyo ta injiniyoyi ce da 'yan kasuwa, amma da yake duk inda dukiya ta taru husuma na biye da ita, tun a shekarar 1974 kamfanin Magnavox ya gurfanar da Atari da wasu kamfanoni gaban shari'a a Amurka, bisa da'awar cewa sun kwaikwayi fasahar wasan ƙwallon da yake da rajistarta. Waccan ƙara sulhu ne ya raba ta tsakaninsa da Atari. Shari'ar da ta ɗaukaka martabar lauya a wannan sana'a, a ganina, ita ce wadda aka yi a kan goggon biri.

Asalin maganar shi ne, a 1981 kamfanin Nintendo na birnin Kiyoto a Japan, wanda tun 1889 aka san shi da buga kartar wasa, ya fitar da Donkey Kong, aikin wani saurayi mai zane, Shigeru Miyamoto. A cikin wasan, goggon biri ne ya sace wata budurwa ya haye da ita saman ginin da ba a gama ba, yana ta gangaro da ganguna kan wani ɗan gajeren mutum mai gashin baki da ke hawa tsani don ya cece ta, wanda daga baya duniya ta san shi da sunan Mario. Da wasan ya karɓu a Amurka, kuɗi suka yi ta kwarara, sai Sid Sheinberg, shugaban da ke riƙe da ragamar kamfanin fina-finai na Universal, wanda shi kansa shari'a ya karanta, ya ce ai wannan biri King Kong ne, na fim ɗin 1933, kuma haƙƙinsu ne. Kamfanin Coleco, wanda ya sayi izinin sayar da wasan don amfanin gida, bai ja da nisa ba, ya yarda zai riƙa biyan kashi 3 cikin 100.

Lauyan Nintendo a Amurka, Howard Lincoln na birnin Siyatil, da fari shi ma ya karkata ga sulhu. Sai dai da ya nemi Universal ya nuna silsilar takardun da suka mallaka masa birin, aka yi ta jan ƙafa, nan ya fahimci cewa da walakin, ya ba shugabanninsa shawara kada su biya ko anini. Universal ya shigar da ƙara a watan Yuni na 1982, Lincoln kuwa ya ɗauko John Kirby ya tsaya musu a kotun tarayya da ke Niyok.

Kirby bai dogara ga fasahar baki ba, mutala'ar tsofaffin kundayen shari'a ya duƙufa a kai, kuma a cikinsu ya sami hujjar da ta yanke magana: a 1975, sa'ad da Universal ke son shirya nasa fim ɗin na King Kong, shi da kansa ya yi jayayya da kamfanin RKO, mai riƙe da fim ɗin 1933, a gaban alƙali, yana kafa dalili cewa labarin birin ya riga ya zama na kowa da kowa. To, ina mai da'awa zai sa kansa, alhali iƙrarinsa na jiya yana rushe da'awarsa ta yau? A 1983 Alƙali Robert Sweet ya hukunta cewa Universal ba shi da haƙƙin da yake iƙirari, kuma ko da yana da shi, ba mai hankalin da zai rikita birin barkwanci da dodon fim. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 1984, daga bisani kuma reshe ya juye da mujiya, aka umarci Universal ya biya Nintendo kimanin dala miliyan 1.8.

Daga nan lauya ya tashi daga matsayin wanda ake kira in an shiga uku, ya koma cikin masu shawara tun kafin a ƙulla ciniki. Lincoln ya shiga Nintendo ɗungurungum, shi ne ya je Masko a 1989 neman haƙƙin wasan Tetris, a 1994 kuma ya zama shugaban reshen kamfanin na Amurka. Kirby kuwa, tukuicinsa jirgin ruwa ne mai filafilai da aka raɗa wa suna Donkey Kong, tare da izinin cewa shi kaɗai zai sa wa irin wannan jirgi sunan. Ya rasu a 2019.