Hawan Jini da Kaifin Ƙwaƙwalwar Manya: Bitar Hujjoji Bisa Yanayin Hausawan Agege

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar manyan binciken da aka wallafa kan alaƙar hawan jini da raunin ƙwaƙwalwa, ta kuma auna su da rayuwar Hausawa mazauna Agege a Legas. Matsayarta ita ce, ruɗewar da ake gani ga tsoho sau da yawa tana somawa tun yana tsakanin shekara 40 da 60, don haka a can ya kamata a tare ta.

Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar awon da ya kai 140/90 a matsayin hawan jini, kuma ta ƙiyasta cewa kusan rabin masu ɗauke da shi ba su sani ba. Abin da jama'a suka fi jin tsoro shi ne shanyewar ɓarin jiki, kuma suna da hujja: binciken SIREN, wanda asibitocin koyarwa na Kano da Zariya suka shiga, ya nuna a 2018 cewa hawan jini ne kan gaba wajen haddasa ta a Nijeriya da Gana. Amma akwai ɓarnar da ba ta kayar da mutum, sai dai ta riƙa zaizayar tunaninsa.

Hausawa sun kafu a Agege tun farkon ƙarni na 20 saboda cinikin goro, layin dogon da ya haɗe Legas da Kano a 1912 ya ƙara musu ƙarfi. Har yau dillalin goro da mai harkar shanu a mayankar Oko-Oba da ka suke riƙe yawancin lissafinsu. Ga irin waɗannan mutane, ƙwaƙwalwa jari ce.

Yadda ɓarnar ke faruwa

Idan jini ya daɗe yana bugun ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙarfi, bangonsu kan yi kauri, hanyar ta tsuke. Sassan da ke isar da saƙo tsakanin ɓangarorin ƙwaƙwalwa sai su rasa isasshen jini, wasu wurare su mutu ba tare da mutum ya ji komai ba. Abin da ya fi saurin taɓuwa shi ne saurin tunani da tsara al'amura, kafin a kai ga mantuwa sosai. Wato ɗan kasuwa zai fara rikicewa a lissafin bashi alhali bai manta sunan kowa ba, iyalinsa kuma su ce tsufa ne ko yawan tunani.

Hujjojin da ake da su

Binciken da aka yi kan maza 'yan asalin Japan a Honolulu ya nuna a 1995 cewa hawan jini a tsakiyar rayuwa yana tafiya da raunin ƙwaƙwalwa a tsufa. A gida Nijeriya, aikin haɗin gwiwar Ibadan da Indianapolis, wanda Hugh Hendrie da Adesola Ogunniyi suke cikin jagororinsa, ya ba da rahoto a 2001 cewa gigin tsufa yana kama kashi 1.35 cikin ɗari na tsofaffin Yarbawa a shekara, da kashi 3.24 na baƙaƙen Amurka. Kada wannan rata ta sa a saki jiki: a 2011 masu aikin sun nuna cewa a cikin Yarbawan ma, masu hawan jini sun fi kamuwa.

Shin sauke jinin yana karewa? Gwajin SPRINT MIND na 2019, mai mutum 9,361, ya kwatanta sauke awon sama ƙasa da 120 da sauke shi ƙasa da 140. Ƙaramin raunin ƙwaƙwalwa ya ragu da kashi 19, amma raguwar cikakken gigin tsufa ba ta kai matakin tabbaci ba. Ba a kuma sa masu ciwon sukari a gwajin ba, saboda haka kuskure ne a shimfiɗa sakamakonsa a kan kowa.

Tattaunawa

Mai aikin kasuwa a Legas a waje yake cin abinci, inda gishiri da dunƙulen ɗanɗano suka yi yawa, alhali abin da aka shawarta bai kai giram 5 na gishiri a rana ba. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac, da ake saye a kemis ba da takardar likita ba, su ma suna ɗaga jini. Ga kuma al'adar ajiye magani da zarar ciwon kai ya lafa. Abin takaicin shi ne magani mai aiki yana nan: gwajin CREOLE da Dike Ojji ya jagoranta ya nuna a 2019 cewa haɗin da ke ɗauke da amlodipine ya fi sauke jinin baƙar fatar Afirka.

Awon ƙwaƙwalwar ma yana buƙatar gyara. Gwajin MMSE na 1975 yana neman a karanta jimla, a rubuta wata. Dattijon da ya sauke Alƙur'ani, yake rubuta bashinsa da ajami, zai iya faɗuwa don rashin boko kawai. Duk binciken da za a yi a Agege sai a yi shi da Hausa, da ma'aunin da ba ya dogara ga boko kamar CSI-D da aka yi amfani da shi a Ibadan, a kuma shigo ta hannun Sarkin Hausawa da limamai, a riƙa awon jini bayan sallar Juma'a, wanda nasa ya hau a tura shi Babban Asibitin Orile-Agege.