Tessaoua ko Tasawa: yadda masu rubuta manhaja suka koyi bin ƙa'ida

Duk wanda ya bi babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram zai ga allo an rubuta Tessaoua. Mutanen garin kuwa Tasawa suke cewa, haka kuma ake rubuta shi da Hausa. Mutum ba ya ruɗewa da wannan, domin ya san gari ɗaya ne. Kwamfuta ba ta da wannan wayon. In aka ce ta fitar da ɗaliban Tasawa daga cikin jerin sunaye, duk wanda aka rubuta masa Tessaoua tsallake shi za ta yi. In kuma an rubuta Issoufou a wata takarda, Yusufu a wata, yaro ɗaya ya zama biyu ke nan a wurinta.

Malaman Hausa sun daɗe da sanin wannan ciwon. A 1912 Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko, inda ake ɗiga ɗigo a ƙarƙashin wasu baƙaƙe. A shekarun 1930 aka maye ɗigon da lanƙwasa, muka sami ɓ da ɗ da ƙ. Nan Nijar kuwa rubutun Faransanci ne ya yi kane-kane, shi ya sa "ou" ta zauna a gurbin "u" da "w". An yi taron Bamako a 1966 ƙarƙashin UNESCO, an sake zama a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Nijar da na Nijeriya, sannan gwamnatin Nijar ta fitar da dokar ƙa'idar rubutun Hausa a 1999. A duk tsawon wannan tafiya Bahaushe bai sauya yadda yake magana ba. Rubutun kawai ake ta gyarawa, don wanda ya karanta a Mayahi ya gane abin da aka rubuta a Zariya.

Masu rubuta manhajar kwamfuta sun bi irin wannan hanya, sai dai tasu ta fi tsada. Manhaja jerin umarni ce da mutum yake rubuta wa na'ura, layi bayan layi. A farkon zamanin kwamfuta kowa yadda ya ga dama yake rubutawa, muddin na'ura ta yi aikin. Da manhajoji suka girma sai aka wayi gari wanda ya rubuta abu ma, bayan wata shida, ba ya gane abin da ya rubuta, balle wanda ya gaje shi. A watan Oktoba na 1968 ƙungiyar NATO ta tara masana kimanin 50 a garin Garmisch na Jamus don duba dalilin da ayyukan manhaja suke wuce lokaci, su cinye kuɗi, kuma su fito da kurakurai. A wannan shekarar ce Edsger Dijkstra, masani ɗan ƙasar Holan, ya buga wata gajerar wasiƙa yana sukar umarnin da ke sa na'ura ta yi tsalle daga wani layi zuwa wani can nesa. Hujjarsa ita ce, in tsallen ya yi yawa rubutun ya zama kamar zaren da ya sarƙe, mai karatu ba zai iya bin sa daga farko zuwa ƙarshe ba. Ku lura, na'ura ba ta taɓa kuka da sarƙaƙƙen zare ba. Mutumin da zai gyara shi gobe ne abin tausayi.

Rashin ƙa'ida ɗaya ya taɓa haɗiye kumbo sukutum. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta Amurka ta rasa kumbon da ta aika duniyar Mars, saboda wata manhaja tana ba da lissafi da ma'aunin Ingilishi, wadda ke karɓa kuma ta ɗauka ma'aunin mita da kilo ne. Kamar mai hatsi a kasuwar Mayahi ya auna da tiya, mai saye ya rubuta kilo, kowa ya tafi gida yana ganin lissafinsa daidai ne.

Ƙa'idojin da aka riƙa kafawa ba wasu manyan sirrika ba ne. Ta harshen Python, wadda Guido van Rossum da abokan aikinsa suka fitar a 2001, ta ce a bar gurbi huɗu a farkon layin da ke ƙarƙashin wani, kada layi ya wuce baƙaƙe 79, a kuma bi salo ɗaya wajen raɗa wa abubuwa suna. Me ya sa huɗu, ba uku ba? Babu wani dalili mai ƙarfi, kamar yadda babu dalilin da ya sa lanƙwasa ta fi ɗigo. Amfaninta yana cikin kowa ya bi ta.

To, ina batun tsohon rubutun da aka riga aka yi a hargitse? Nan ne gardama ta fi zafi. Zuciyar matashi kullum rushewa take so, a sake sabo. Kamfanin Netscape, wanda manhajarsa ta shiga intanet ta taɓa mamaye duniya, ya gwada haka a 1998: ya ajiye tsohon rubutunsa ya fara daga tushe. Sabon bai fito ba sai Nuwamba 2000, kafin nan Microsoft ya kwashe kasuwa. Abin da masu rushewa suke mantawa shi ne, kowane ƙulli mai muni a tsohon rubutu wataƙila maganin wata matsala ne da aka taɓa sha wuya kanta, wanda ya ƙulla shi kuma ya bar aikin.

Ɗaya hanyar ita ce gyaran ciki, wato a sake tsarin rubutun ba tare da an taɓa aikin da manhajar take yi ba. William Opdyke ya rubuta kundin digirinsa na uku a kanta a Jami'ar Illinois a 1992, Martin Fowler kuma ya yaɗa ta da littafinsa Refactoring a 1999. Yadda ake yi shi ne, a fara shirya gwaje-gwajen da za su nuna manhajar tana aiki daidai. Sai a yi gyara ƙarami guda ɗaya: a sauya sunan da ba ya nufin komai da mai ma'ana, ko a raba dogon sashe gida biyu, ko a haɗe abin da aka maimaita a wuri biyar ya koma wuri ɗaya. A sake gwaji. In komai na nan lafiya, a ƙara taku ɗaya. Magidancin da ke da gidan ƙasa ya san wannan aikin, domin kafin damina bango ɗaya yake bi ya yaɓe, iyali kuma suna kwana a ciki.

Abin ya zo har ƙofarmu. A watan Maris na 2025 kundin da hukumomin Nijar suka kafa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ma'ana rajistar ɗalibai da takardun haihuwa da manhajojin waya da Hausa za su ƙaru, kuma ƴaƴan da ke aji yau a Tasawa da Mayahi ne za su rubuta su. Har yanzu akwai ragowar aiki: Nijar tana rubuta ƴ, Nijeriya tana rubuta 'y, kwamfuta kuma tana ɗaukar su baƙaƙe daban. Mai latsa waya yana jefar da lanƙwasa don sauri, ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata.

A ganina malamin da ya hana yaro wucewa sai ya sa lanƙwasar ƙ, ko ya sa shi ya sake kwafe lissafinsa a tsare duk da amsar ta fito daidai, darasin farko na rubuta manhaja yake koya masa, ko da makarantar ba ta da wutar lantarki. Iyaye kan ji haushi in aka rage wa yaro maki alhali ya ci amsa. Kafin a tafi wurin shugaban makaranta da ƙara, a ɗauki littafin yaron a miƙa wa ƙanensa, a ga ko zai iya bin yadda aka kai ga amsar.