Daga madugu zuwa gid: tarihin yawon buɗe idon da ya ratsa Nijar da maƙwabtanta

 Yau tarihin wata sana'a za mu taɓa, wadda ta ciyar da gidaje masu yawa a ƙasar nan kafin ta durƙushe, wato sana'ar jagorancin baƙi masu yawon buɗe ido, waɗanda muke ce wa turis.

Yaron da aka haifa bayan 2007 da wuya ya taɓa ganin jerin katkat biyar ko shida, tantuna da jarkokin ruwa ɗaure bisa kai, cike da Turawa sun naɗa rawani. A da kuwa, daga watan Oktoba zuwa Maris abin yau da kullum ne. Mutum zai biya wata ajans a Faransa ko Jamus ko Italiya kuɗi dunƙule, na jirgi da mota da abinci da wurin kwana, a haɗa shi da gid. Cikin sati biyu ko uku a ratsa da shi Nijar, Mali, Burkina Faso da Benin. To ina abin ya samo asali, kuma mi ya kashe shi?

Kafin gid akwai madugu

Ɗaukar baƙo a kai shi ƙasar da bai sani ba a maido shi lafiya, kakanninmu sun iya shi tun ba a san mota ba. Fataken goro da ke tashi daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, wato kasuwar Salaga a Gana ta yau, ba su ɗaura kaya sai da madugu. Shi ya san inda za a yada zango, da inda ruwa yake, da sarkin da za a biya kuɗin hanya, da dajin da ƴan fashi ke fako. Yana da jagaba mai shiga gaba, da malami mai riƙe lissafi wanda ke duba ranar tashi. Zuwa da dawowa kan ci watanni, wani zubin har shekara. Unguwannin Hausawa da ake kira zango a Kumasi da sauran garuruwan Gana, daga wannan fataucin suka samo suna.

A arewa kuma akwai ayarin gishiri. Bayan damina Abzinawa kan ɗauki hatsin Damargu bisa raƙuma su keta Tenere zuwa Fashi da Bilma, tafiyar kilomita wajen 600 daga Agadas, su komo da kantu da dabino. Su ma madugu suke ce wa jagoransu. Ba gudro, ba allo, sai taurari da launin rairayi da sanin rijiyoyi. In ya kuskure rijiya guda, ayari ya halaka.

Baƙon da ya rubuta hanyar

A 1850 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda gwamnatin Ingila ta turo, ya taso daga Tarabulus. Abdul Karim yake kiran kansa. Ya shiga Agadas cikin Oktoban wannan shekara, kuma har gobe ana nuna gidan da aka sauke shi a tsohon gari. Daga Abzin ayarin gishiri ya biyo, ƙarƙashin kariyar wani shugaban Kel Ewe mai suna Annur, har ya gangaro Tasawa, ya wuce Katsina, ya isa Kano farkon 1851. Ya yi Barno da Adamawa da Bagirmi, ya dawo ta Damagaram da Sakkwato, ya ƙetare kogi a Say a 1853, ya isa Tumbuktu cikin Satumba. Can ma ba don Shehu Ahmad al-Bakkay ya ɓoye shi ƙarƙashin inuwarsa ba, da bai fita da rai ba.

Kun ga a taswirar yau ya taka Libiya, Nijar, Najeriya, Kamaru, Cadi, Burkina da Mali. Kuma ko taki ɗaya bai yi shi kaɗai ba. Da ɗan gari kan ci gari. Cikin masu rakiyarsa akwai wani yaro Bahaushe ɗan ƙasar Damagaram, Dorugu, wanda aka kama bauta aka ƴanta. Ya bi shi har Tumbuktu, ya bi shi Turai a 1855. A Ingila ya ba wani mishan mai suna Schön labarin rayuwarsa da Hausa aka rubuta, labarin da ke cikin tsofaffin rubuce-rubucen Hausar boko. Ke nan ɗan ƙasarmu ya yi yawon ƙasashe ya ba da labari tun ba a zana iyakokin nan ba.

Zuwan mota

Ƙarshen 1924 kamfanin Citroën ya turo motoci takwas masu sarƙa a baya daga Aljeriya. Suka keta sahara suka faɗo bakin kogi, suka bi ta Yamai da Tasawa da Damagaram, wadda ita ce babban birnin ƙasa a lokacin, suka wuce Cadi. Tallar mota ce, amma sun ɗauki silima da aka nuna a Paris, ta nuna mu yadda mai mulkin mallaka ke so a gan mu. Duk da haka ta sa wa Turawa da yawa kwaɗayin ganin sahara. A 1954, tun ƙarƙashin Faransa, aka mai da dajin W gandun da doka ta tsare. Sunan ya fito ne daga yadda kogin Kwara ya lanƙwashe a wurin kamar harafin W, kuma dajin ya haɗa Nijar da Benin da Burkina.

Abin da ya buɗe ƙofar sosai shi ne tseren Paris-Dakar. Na farko ya tashi ƙarshen Disamban 1978, ya bi ta Agadas da Yamai da Gawo. Kowace shekara talabijin ta riƙa kai hoton Tenere cikin ɗakunan Turawa. Wani Ba'abzine da ya yi karatu waje, Mano Dayak, ya kafa ajans ɗin Temet Voyages a Agadas, ya ɗauki ƴan uwansa da suka san jeji suka koma direbobi da gid da masu dafa abinci. Fari na 1973 da na 1984 sun riga sun cinye dabbobin mutane, sai wanga aiki ya zo musu kan gaɓa. Ɗan madugu ya sauka daga raƙumi ya hau katkat, amma ilimin uban nasa yake ci. Tawayen farko na shekarun 1990 ya tsai da harkar, Mano Dayak kansa ya shiga ciki, ya rasu a haɗarin jirgi cikin Disamban 1995. Sunansa filin jirgin Agadas ke ɗauke da shi. Bayan sulhu harka ta dawo fiye da da, har jiragen haya na sauka Agadas kai tsaye daga Paris.

Mi ake nuna musu?

Hanya biyu ce manya. Ta arewa tana farawa daga Agadas: babban masallaci mai hasumiyar ƙasa tsawon mita 27, wanda aka gina farkon ƙarni na 16 aka sabunta a 1844, da fadar Sarkin Abzin, da maƙeran azurfa. Daga nan a shiga duwatsun Abzin, a ga garake da magangarar ruwa ta Timiya, a ga zanen raƙumin dawa na Dabus da mutanen da suka sassaƙa jikin dutse, tsawonsa ya haura mita 5, shaidar cewa wurin nan ya taɓa zama dausayi. A fita Tenere a tsaya inda itacen nan guda yake a da, wanda wani direban kamyo ya buge a 1973. Gangar jikinsa na gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, an kafa na ƙarfe a gurbinsa. Masu ƙarfin hali su zarce Bilma da kufan Jado. Wanda ya zo cikin Satumba kuma ya tarar da bikin lasar gishiri na Ingal.

Ta kogi kuwa daga Yamai take tashi. A je Kure, kilomita wajen 60, a ga raƙuman dawan da suka rage a duk Afirka ta Yamma. A 1996 ba su wuce 50 ba, amma da kulawar manoman yankin da gid ɗinsu suka haura 600. A shiga W ta Tapowa a ga giwa da ɓauna, a fita ta ɓangaren Benin ko Burkina. Ko a yi arewa maso yamma, kasuwar Lahadi ta Ayoru da dorinar ruwa, a ƙetara Mali. A Gawo akwai kabarin Askiya Muhammadu, sarkin Sanwai da ya taɓa cin Agadas da yaƙi, ka ji yadda tarihin garuruwan ya sarƙe. Sai Tumbuktu da masallatanta uku da littattafan hannu, sai Jenne da masallacin ƙasa na 1907 wanda duk gari ke fitowa yaɓensa kowace shekara, sai duwatsun Dogon a Banjagara.

Hukumar UNESCO ta sa wurare uku na Nijar cikin kayan gadon duniya: Abzin da Tenere a 1991, W a 1996, tsohon garin Agadas a 2013. A 2017 aka haɗe W da Arli na Burkina da Panjari na Benin suka zama gado ɗaya na ƙasashe uku.

Yadda abin ya watse

Cikin Fabrairun 2007 tawaye na biyu ya ɓarke da harin Iferwan, jirage suka daina zuwa. A 2008 aka soke Paris-Dakar bayan kashe wasu turis ƴan Faransa huɗu a Muritaniya, shekara ta gaba aka kai shi Kudancin Amurka. Janairun 2009 aka sace turis huɗu kusa da iyakar Nijar da Mali suna dawowa daga bikin Anderambukan, aka kashe ɗaya, ɗan Ingila. Satumban 2010 aka kwashe mutum bakwai a Arlit. A 2012 masu bindiga suka rusa hubbaren waliyyan Tumbuktu; an sake gina su, kuma kotun duniya ta ɗaure jagoran aikin shekara 9 a 2016. Ranar 9 ga Agustan 2020 kuma a Kure aka kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji da ƴan Nijar biyu, direba da gid. Allah ya jiƙan ƴan uwanmu.

Baturen da aka hana zuwa ya canza ƙasa, ya tafi Maroko ko Namibiya. Wanda ya sha wuya shi ne na gida: direba, kuku, mai raƙumi, maƙeri, mace mai saƙar tabarma, yaro mai wankin mota a otel. Wasu direbobin suka koma ɗaukar ƴan ci-rani zuwa Libiya ta Dirku, dokar 2015 ta mai da aikin laifi, aka kama motoci aka ɗaure mutane, kafin a soke ta cikin Nuwamban 2023. Wasu suka nufi haƙar zinariyar Jado da aka gano a 2014.

Abin da ya rage gare mu

Jama'a, ginin ƙasa ba ya jiran turis. Kowace damina tana cin rabonta, in ba a yaɓe ba ya tafi. Farkon Satumban 2024 ruwa ya kayar da tsohon masallacin Birni a Damagaram, ginin ƙarni na 19, mutane na kallo da salula a hannu. Haka shi ma ilimin hanya: tsofaffin gid da madugai suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, kowa da rijiyoyinsa da labaransa a ka, ba a naɗa ba, ba a rubuta ba.

Abin kunya kuma, da yawanmu mun bar wa baƙi kallon kayanmu. Dan Allah mutum nawa ne a Tawa suka je Yama suka ga masallacin da magini Falke Barmu ya ɗora da ƙasa, wanda ya ci lambar Aga Khan a 1986? Mutum nawa a Maraɗi suka san cewa a 2018 an kawo raƙuman dawa takwas daga Kure zuwa gandun Gadabeji cikin Dakwaro, nan bayan gidansu? Wa ya kai ɗansa Lugu, garin Sarauniya Mangu da ta tari sojan Voulet da Chanoine a 1899?

Mu ma muna da namu zagayen na ƙasashe, wanda ba ya bukatar jirgi ko tafinta. Daga Maraɗi a gai da Sarkin Gobir a Tibiri, a ƙetara Katsina a ga hasumiyar Gobarau, a je Daura rijiyar Kusugu, a hau Dala a Kano a leƙa marinar Ƙofar Mata, a komo ta Damagaram a shiga fadar Sarki da lungunan Birni da ragowar ganuwar Tanimun. Hanyar fatake ce sak. Inda hanya ke da lafiya, bayan an tambayi hukuma, mushen lakwal zai iya haɗa ƴan ajinsa, ƙungiyar mata ko ta matasa ta yi adashe ta ɗauki kar guda. In an je a nemi gid ɗan garin a biya shi haƙƙinsa, kada a ce ai mu ƴan gida ne. Wanda ke da tsoho a gida da ya yi ayari ko ya yi jagorancin turis, ya zauna da shi ya naɗi muryarsa tun yana iya magana. Gani ya kori ji.

Allah ya maido mana da zaman lafiya a Nijar da maƙwabtanta, ya buɗe hanyoyin da suka rufe. Mu kwana nan, sai wani jiƙon.