Annobar Korona da Sake Buɗe Makarantu a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi, 2020

Gabatarwa

Wannan 'yar takarda za ta bi diddigin abin da ya sami makarantun kudancin Jihar Katsina ne a cikin wata tara, watau daga Maris zuwa Disamba na 2020. Yankin da nake nufi shi ne shiyyar Funtuwa mai ƙananan hukumomi 11, waɗanda suka haɗa da Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ƙanƙara da Faskari da Ɗandume. Ra'ayin da zan kare shi ne cewa an rufe makarantun wannan yanki an kuma buɗe su bisa lissafin da aka yi don birane, alhali kuwa lissafin damina da halin tsaro su ne suka fi yanke wa ɗan makaranta hukunci a nan.

Rufewa

Annoba ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Murar da ta game duniya a 1918, wadda tsofaffi suka sani da sunan marisuwa, ta sauka Ikko ta jirgin ruwa, ta biyo hanyar dogo zuwa Arewa. Amma a lokacin ko Kwalejin Katsina ba a buɗe ba tukuna, saboda haka maganar rufe makarantun boko ba ta taso ba sosai. Sanƙarau na 1996 kuwa, wanda ya kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, ya koya mana yadda cunkoso a ɗakin kwana yake taimakon cuta. Duk da haka ba a taɓa ganin irin abin da ya faru a 2020 ba, inda aka sallami kowane ɗalibi daga firamare har jami'a lokaci guda.

An tabbatar da ɓullar korona a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a Ikko. Ranar 18 ga Maris gwamnonin Arewa maso Yamma suka gana a Kaduna, suka yanke shawarar rufe makarantu na kwana 30 daga Litinin 23 ga wata. Abin lura a nan shi ne, sa'ad da aka rufe ba a sami ko mutum ɗaya mai cutar a Jihar Katsina ba. Sai a farkon Afrilu aka ba da sanarwar rasuwar wani likita a Daura, can ƙuryar arewacin jiha. Kwana 30 ɗin nan kuwa ya zama fiye da wata shida ga yawancin ɗalibai.

Makarantar da aka fara samun cutar a cikinta da yawa a Arewa ba ta boko ba ce, ta allo ce, kuma ba wajen buɗewa aka gano ba, wajen watsewa ne. A watan Afrilu gwamnonin Arewa suka amince kowace jiha ta mayar da almajirai jihohinsu na asali. Aka riƙa loda yara a motoci daga Kano, a daidai lokacin da mace-mace suka yawaita a birnin, ana kai su Katsina da Jigawa da Kaduna da sauran wurare. Da aka gwada 169 da aka kai Kaduna, an sami 65 da cutar. A Jigawa an sami 91 cikin 168. A ganina wannan mataki ya saɓa wa kansa: hukumar da ta hana manya zirga-zirga tsakanin jihohi don tsare cuta, ita ce ta cusa yara a mota ɗaya ta ƙetara da su iyaka. Shiyyar Funtuwa ƙasar tsangayu ce, tana tura almajirai tana kuma karɓa, tana maƙwabtaka da Kano da Kaduna da Zamfara, don haka wannan kai-kawo bai tsallake ta ba.

Damina

Wanda ya san wannan yanki ya san ƙasar noma ce. Nan ne cibiyar auduga tun zamanin Turawa, nan ne kuma Bankin Duniya ya zaɓa a shekarun 1970 ya kafa ɗaya daga cikin shirye-shiryen bunƙasa noma uku na farko, tare da Gusau da Gombe. An rufe makarantu da bazara, lokacin sharar gona. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman farko da maimai da huɗa, duk yara suna gida. Gwamnatocin jihohi sun shirya darussa ta rediyo da talabijin, kuma ba laifi an yi ƙoƙari. Sai dai yaron da ya sammaka gona da fartanya ba ya kusa da rediyo da hantsi, yarinyar da aka ɗora wa talla ita ma haka.

Da aka tashi buɗewa gaba ɗaya a watan Oktoba, sai abin ya faɗo daidai da kaka, ana karyar masara ana tuge waken soya, ga cirar auduga da yankan dawa suna tafe. Uban da ya yi wata shida yana morar hannun ɗansa, aka ce masa ya sake shi a makon da ya fi bukatarsa. A nan ne ya kamata mai nazari ya nemi asarar da aka yi: a rajistar aji, wajen sunayen da aka kira ba a amsa ba.

Buɗewa

An buɗe ne kashi kashi. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare sun koma ranar 4 ga Agusta, jarrabawar WAEC ta fara ranar 17 ga wata. Makarantun haɗin kai na Gwamnatin Tarayya, irin su Kwalejin 'Yammata ta Bakori, an sa musu ranar 12 ga Oktoba. Jami'o'i kuwa nasu dabam ne, domin yajin aikin ƙungiyar ASUU ya riƙe su daga Maris har 23 ga Disamba.

Tsoron da ake yi yana da dalili. A ranar da aka fara WAEC ɗin nan, Jami'ar Arewacin Karolina da ke Chapel Hill a Amurka ta dakatar da karatun aji mako ɗaya kacal bayan buɗewa, saboda cutar ta ɓarke a gidajen kwanan ɗalibai. A gida Nijeriya kuma, a watan Oktoba, an gwada mutum 441 a wata makarantar kwana mai zaman kanta a Lekki ta Ikko, aka sami 181 da cutar, yawancinsu ba su nuna wata alama ba. Wannan batu na ƙarshe yana da muhimmanci ga masanin tarihi. Cutar da ba ta kayar da yaro sai gwaji ke tona ta, gwaji kuwa a manyan birane ya taru, kuma hukumar NCDC jiha jiha ta riƙa fitar da alƙalumanta na kullum, ba makaranta makaranta ba. Abin takaici ne idan aka tuna cewa a shekarun 1970 Malumfashi ce mazaunin wani babban shirin binciken cututtuka na Jami'ar Ahmadu Bello da masana daga Libaful, inda aka ƙidaya mutanen ƙauyuka gida gida aka bi lafiyarsu.

Ƙa'idojin da Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta fitar a Yuli sun nemi tazarar mita 2 tsakanin ɗalibai, da takunkumin fuska, da wurin wanke hannu. Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban aji a makarantar gwamnati ya san abin da mita 2 take nufi a ɗakin da yara ke zaune gwiwa da gwiwa, a makarantar da rijiyarta ke ƙafewa da rani.

Rufewa ta biyu

Makarantun ba su cika wata uku a buɗe ba. Daren Juma'a 11 ga Disamba 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara suka kora ɗaruruwan ɗalibai daji. Kashegari Gwamna Aminu Bello Masari ya ba da umurnin rufe makarantun kwana na jiha. An sako yara 344 ranar 17 ga wata. Kwana biyu bayan haka aka tare 'yan Islamiyya kimanin 80 na garin Mahuta, a ƙasar Ɗandume, suna dawowa daga Mauludi, sai dai su an kuɓutar da su nan da nan.

A cikin wannan mako ne Jihar Kaduna ta rufe nata makarantun daga 16 ga Disamba, ta ce saboda cutar ta sake tasowa karo na biyu. Daga Funtuwa zuwa Zariya bai fi tafiyar sa'a guda da 'yan mintoci a mota ba, amma dalilin rufe ƙofar makaranta a garuruwan biyu ya sha bamban. Gwamnatin Tarayya ta tsayar da 18 ga Janairu, 2021, ranar komawa, allurar rigakafi kuma ta iso Abuja ranar 2 ga Maris na wannan shekara. Kafin isowarta da kwana huɗu aka kwashe 'yammata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe a Jihar Zamfara.