Jikin Soja Ɗaya a Gaban Mai Karatu: Nazarin Dabarun Wilfred Owen a Waƙoƙin Yaƙin Duniya na Farko

A ranar 1 ga Yuli, 1916, ranar farko ta gumurzun Somme a Faransa, sojojin Birtaniya kusan 57,000 ne suka mutu ko suka jikkata, kuma fiye da 19,000 daga cikinsu ba su kai washegari ba. Adadi irin wannan kunne yake cikawa, zuciya kuwa ba ta iya ɗaukarsa. Hujjar wannan maƙala ita ce mawaƙi Wilfred Owen (1893 zuwa 1918) ya isar da azabar soja ne ta hanyar ƙin ƙidaya: ya tattara yaƙin gaba ɗaya a jikin mutum guda, sannan ya sa tsarin waƙar ya ɗauki rabonsa na ciwon.

A waƙarsa "Dulce et Decorum Est", wadda ya tsara a 1917 yana jinyar firgicin bama-bamai a asibitin Craiglockhart kusa da Edinburgh, inda ya haɗu da mawaƙi Siegfried Sassoon, ba a ga tuta ko kwamanda ba. Sojoji ne galabaitattu suna komawa sansani cikin taɓo, sai iskar guba ta sauko, ɗayansu ya makara wajen sa abin rufe fuska. Mawaƙin yana kallonsa ta gilashin nasa abin, ba shi da ikon taimako, kuma wannan kallon ne ke dawo masa a mafarki. Daga nan ya juya ga mutanen gida masu zuga samari su tafi fagen fama, ya ɗora musu nauyin gani. Haka kuma a "Strange Meeting" ya karya amsa-amo da gangan: baƙaƙen ƙarshen ɗango suna dacewa, wasulan kuwa suna saɓawa. Kunnen da ya saba da cikakken amsa-amo yana jiran sauka lafiya, sai ya ji an gurɗe shi, baiti bayan baiti. A ganina wannan ce babbar gudummawarsa, domin mai karatu yana jin rashin daidaiton tun kafin ya gama fahimtar ma'ana.

An yi wa wannan salo suka mai nauyi. Mawaƙi W. B. Yeats ya ƙi sa Owen a kundin waƙoƙin zamani na Oxford da ya tace a 1936, bisa ra'ayin cewa wahalar da mutum ke sha ba tare da ya yi wani yunƙuri ba ba ta isa jigon waƙa ba. Sai dai yaƙin ramuka da manyan bindigogi haka yake: soja yakan mutu bai ga wanda ya harbe shi ba, kuma waƙar da ta ba shi jarumtar da filin daga ya hana shi ta yi ƙarya. Wasu masana tarihi kuma sun ce Owen da Sassoon hafsoshi ne masu ilimi, ba su wakilci ƙananan sojoji da suka yarda da dalilin yaƙin ba. Akwai gaskiya a nan, amma sukar ta kuskure abin da waƙoƙin ke iƙirari. Owen bai ce kowa ya tsani yaƙin ba. Shi kansa ya koma bakin daga a 1918, ya samu lambar Military Cross, aka kashe shi ranar 4 ga Nuwamba a mashigin ruwan Sambre, mako guda kafin tsagaita wuta. Shaidarsa ta tsaya ne kan abin da guba ke yi wa huhu da abin da tsoro ke yi wa barci, kuma waɗannan ba su bambanta hafsa da kurtu ba.